Amsa ga likitar da ta dawo daga Aljeriya aka tura ta ƙauye

Wasiƙar wannan makon ta fito ne daga wata matashiyar likita, haifaffiyar birnin Maradi, wadda ta yi shekara 7 tana karatun likitanci a Aljeriya, ta dawo gida, aka tura ta wata cibiyar kiwon lafiya ta karkara, wato CSI, a arewacin Dakoro, cikin jahar Maradi a Nijar, inda yanzu take cikin wata na tara. Na taƙaita maganarta, na kuma cire duk abin da zai sa a gane ta ko a gane garin.

"Inna, na gaji. Mutanen garin nan ba su ɗauke ni likita ba. In suka shigo suka tarar da ni sai su ce za su jira majoro, wato babban ma'aikacin jinya, wanda ya fi shekara 20 a nan, mata kuma suna faɗa a gabana cewa yarinyar da ba ta taɓa haihuwa ba ba za ta karɓi haihuwarsu ba. Babu na'urar duba ciki, babu ɗakin gwaji na kirki, wuta kuwa sai ta hasken rana da ke riƙe da firjin rigakafi. Mako uku da suka wuce aka kawo mini wata yarinya mai cikin fari a kan amalanke, bayan ta kwana biyu tana naƙuda a gida. Na ga haihuwar ba za ta yiwu ba sai da tiyata, na ce a kai ta asibitin gunduma, aka ce mijinta ya tafi ci-rani, sai an jira mahaifinsa ya dawo daga kasuwa. Kafin a sami izini, ambilas ta iso, dare ya raba, kuma a hanya ta cika. Yanzu ana cewa likitar Larabawa ba ta da hannu. Ba na barci. Wata ƙawata da ke Faransa tana ce mini in taho, mahaifiyata kuma ta ce in dawo Maradi in kama aiki a kilinik, in yi aure. In tafi ne, ko in zauna?"

Ƴata, Allah ya jiƙan wannan yarinya, ya ba iyayenta haƙuri, ke ma ya ba ki, domin likitar da mara lafiya ya rasu a hannunta tana cikin masu makoki ko da ba wanda ya zo ya yi mata gaisuwa. Ni ma a waje na yi karatu, a Tarayyar Sobiyet, na dawo a ƙarshen shekarun 1980 aka tura ni wani gari a gabashin wannan jaha, saboda haka na san daren da kike kwana a cikinsa. Amsata a taƙaice ita ce kada ki yanke hukuncin tafiya ko zama a cikin wannan watan, kuma in za ki ji ta tawa, ki ba garin nan ƙarin damina biyu, ki yi su a matsayin ɗaliba wadda ta rage mata sashe na ƙarshe na karatunta, sannan ki zaɓi abin da kika ga dama da zuciya mai sanyi. Bari in yi miki bayanin dalilina, in fara da rasuwar, tun da ita ce ke hana ki barci.

Ki ɗauki takarda da alƙalami, ki rubuta abin da ya faru sa'a bayan sa'a, tun daga lokacin da naƙuda ta fara har zuwa lokacin da rai ya yi halinsa. Masu nazarin mutuwar mata wajen haihuwa sun daɗe da lura cewa jinkiri iri uku ne ke kashe su: jinkirin yanke shawarar fitowa daga gida, da jinkirin isa inda magani yake, da jinkirin samun kulawar da ta dace bayan an isa. In kika jera sa'o'in wannan yarinya za ki ga kwana biyu cur sun ƙare kafin idonki ya gan ta. Kin kuma sani sarai cewa naƙudar da ta toshe, wadda kan jariri ya kasa wucewa ta ƙugu, ba ta da magani a CSI ko wane ne a wurin, kuma in ta daɗe mahaifa kan fashe ko cuta ta shiga jini. Waɗanda suka tsira daga irinta da yawansu sukan tashi da yoyon fitsari, kuma su ne ake gani a asibitin Danja, kusa da Maradi, inda aka buɗe cibiyar yi musu gyara a 2012.

Amma ba zan ce miki hannunki ba ya ciki ko kaɗan ba, domin ban ga takardar ba tukuna, kuma ke ba yarinyar da za a rarrasa da ƙarya ba ce. Ki tambayi kanki ko kin sa mata ƙarin ruwa da wuri, ko kin sa robar fitsari kin sauke mafitsara, ko kin fara maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin a tashi. Daga yadda kika jera maganar kuma, ina zaton kin jira aka ba da izini kafin ki kira ambilas. In haka ne, to, ga sa'o'in da suke naki, kuma darasinsu shi ne a kira mota a lokacin da aka gane matsala, a yi ta lallashin dangi tana bisa hanya, don gara ta iso ta koma ba kowa da a same ta a makare. Ki ɗauki wannan rabon, ki ajiye sauran da ba naki ba. Dokar aikinmu ta wajabta a sanar da mutuwar kowace uwa, a kuma zauna a duba ta a matakin gunduma, saboda haka ki kai takardarki wannan zama, ki karanta ta da bakinki. An kafa zaman ne don a toshe kafar da rai ya bi ya fita, kuma likitar da ta zo da nata lissafin a rubuce takan sa kowa ya faɗi nasa.

Sai maganar karatunki. Aljeriya ta ba ki abu mai daraja: kin ga yadda asibiti yake in yana aiki daidai, kin san jikin ɗan Adam, kin san dalilin da ya sa magani ke yin abin da yake yi. Akwai kuma abin da ba ta da shi balle ta ba ki. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa Aljeriya ta rabu da zazzaɓin cizon sauro, wanda ke nufin kin yi shekarunki na asibiti kina ganin ciwon suga da hawan jini da ciwon zuciya da daji, alhali cutar da za ta cika miki rumfa daga Yuli zuwa Oktoba kin fi saninta a takarda. Haka tamowa, haka ƙyanda, haka sanƙarau in iskar bazara ta taso. Majoron da kike gani ya yi damina fiye da 20 a cikinsu. Yana nan a 2005, shekarar da yunwa ta cika cibiyoyin tamowa na jahar Maradi da dubban yara, yana nan kuma lokacin da aka fara rabon maganin rigakafin zazzaɓi na damina ga ƙananan yara a Nijar a 2013. Idan mutane suka ce za su jira shi, abin da idonsu ya gani suke bi.

Ba zan manta da daminata ta farko ba. Wata uwa ta shigo da ɗanta ɗan shekara biyu, jikinsa zafi kamar garwashi, yana numfashi sama-sama, ni kuwa na duƙa ina sauraron ƙirjinsa ina neman ciwon huhu, domin shi na saba gani a ƙasar sanyi. Wani tsohon ma'aikacin jinya da ke tsaye a bayana ya miƙo hannu a hankali, ya ja fatar idon yaron ƙasa, ya buɗe tafin hannunsa ya ɗora shi kusa da na uwar, sai ga shi fari fat. Ya ce mini cikin murya ƙasa-ƙasa, yadda uwar ba za ta ji ba: "Dakta, wannan jini yake so." Zazzaɓi ya cinye masa jini, kuma da mun yi sa'a biyu muna neman wani abu daban da mun rasa shi. Tun daga ranar ban sake duba yaro ba tare da na fara da ido da tafin hannu ba. Irin wannan ilimin nake so ki tara: ƙirga numfashi da agogon hannu, ki san 50 a minti ɗaya ya yi yawa ga jariri ɗan wata 2 zuwa 11, 40 kuma ya yi yawa ga ɗan shekara 1 zuwa 5, ɗaura igiyar awo a dantse, ki san ƙasa da milimita 115 tamowa ce mai tsanani, danna ƙafa da yatsa ki ga ko kumburi ya lotsa, lalubar ciki da tafin hannu har ki gane kwanciyar ɗa ba tare da na'ura ba. Kada ki ɗauki wannan koma-baya. A ƙasar nan, da ƙwayar misoprostol wadda ba ta buƙatar firji, da kororon roba da ake cika wa ruwa a cikin mahaifa, da rigar matse jiki, aka rage mutuwar mata ta zubar jini bayan haihuwa da fiye da rabi, kuma har da cibiyoyi irin taki aka yi aikin.

Don haka ki gyara tsakaninki da majoro, kuma ke za ki fara, tun da ke ce ƙarama a shekaru ko da takardarki ta fi tasa. Ki kira shi Baba, ki gaishe shi kowace safiya kafin ki buɗe ofis, ki tambayi ra'ayinsa a gaban mutane, in kuma kin ga kuskure ki jira ku kaɗaita. Mutumin da ya yi shekara 20 yana riƙe da gari shi kaɗai, aka wayi gari aka ɗora masa ƴar cikinsa a kai, yana tsoron a ce duk abin da ya yi a baya banza ne, kuma in kika cire masa wannan tsoron, da bakinsa zai fara ce wa mutane su shiga wurin likita. Kalma ɗaya daga gare shi ta fi shekara guda ta ƙoƙarinki. A naki ɓangaren akwai abin da yake buƙata, ko da ba zai roƙa ba: yadda ake auna maganin jijjigar masu ciki ba tare da fargaba ba, yadda ake gane ciwon zuciya a mai jego, da dalilin da ya sa ba kowane zazzaɓi ke son allura ba. Ladabin nan yana da iyaka, kuma dole in faɗa miki ita. In kika ga ana sake amfani da allura, ko ana danna cikin mai naƙuda, ko ana yi mata allurar ƙara naƙuda ba tare da an tabbatar hanya a buɗe take ba, ko ana sayar da maganin da aka ce kyauta ne, to ki hana nan take, in an ƙi ji ki kai maganar ga babban likitan gunduma a rubuce.

Akwai kuma harshe. Za ki ce ai ke Bahaushiya ce, amma Hausar ciwo ta ƙauye wani fanni ne da ba a koya a makarantar boko, ke kuwa da Faransanci kika koyi sunan kowace cuta. In tsohuwa ta ce jikanta yana da zahi, ko ɗankanoma, ko shawara, ko ta ce nonon uwar yana da ƙaiƙai, ko iska ta taɓa shi, kowace kalma tana ɗauke da nata bayanin game da mafarin ciwon da wanda ya kamata a kai wa shi, kuma ba lalle ta yi daidai da cuta guda a littafinki ba. Yaron da ke jijjiga saboda zazzaɓi ya hau masa kai, a wurinsu na malam ne ko na boka, shi ya sa ake kawo miki shi a rana ta uku. Kada ki yi gardama da sunan. Ki tambaya: "Ku me kuke kiransa, yaya ya fara, me aka riga aka ba shi?" Tambayar ƙarshen nan in kika yi ta da fuskar da ba faɗa a cikinta, za a gaya miki jiƙon da aka ɗura masa da ƙwayoyin da aka saya wurin mai talla ranar kasuwa, kuma sanin wannan kan canza maganin da za ki rubuta. Tun da kuma arewacin Dakoro ƙasar makiyaya ce, ki koyi gaisuwa da kalmomin ciwo goma-goma a Fulatanci da Tamajak. Bafulatanar da ta yi tafiyar yini a kan jaki, ta ji an tambayi lafiyar ɗanta da harshenta, ba ta mantawa.

Zancen cewa ba ki taɓa haihuwa ba, na san yana da ciwo, domin an faɗa mini irinsa. Matan nan suna jin kunyar buɗe jikinsu gaban wadda suke gani sa'ar ƴarsu ce, kuma kunya ita ce tarbiyyar da aka yi musu game da haihuwa tun suna ƙanana, musamman haihuwar fari, wadda ake yaba wa yarinya in ta daure ba ta yi ko tari ba. Wannan dauriyar ce ke cinye kwana biyun da muka ƙirga ɗazu. Maganin abin yana hannun unguwar zoma. A garin da na fara aiki akwai wata tsohuwa da ta yanke cibiyar kusan duk wanda ke garin, har da maigari, kuma wata shida na yi ina ganin ta abokiyar gaba. Ranar da na je gidanta da goro da turmin atamfa, na zauna a tabarma na ce ta koya mini yadda ake yi wa mai naƙuda magana, ranar aikina ya fara. Muka yi yarjejeniya cewa duk naƙudar da rana ta fito ta faɗi a kanta, ko wadda jini ya riga ɗa fitowa, ko wadda hannu ya fara leƙowa, za ta rako ta da kanta, ta shiga ɗakin haihuwa tare da ni, ta riƙe mata kai, kuma duk abin da aka saba ba ta na al'ada, hatsi ne ko sabulu ko ƙafar ragon suna, yana nan nata. Da ta tabbata ba abincinta na zo ƙwacewa ba, ita ta riƙa cewa mata: "Ku bar ta ta duba, idonta na ganin abin da nawa ba ya gani."

Haka za ki yi da wanzami, ko da yake nasa ya fi wuya. Cire hakin wuya, wanda wasu ke kira beli, da ake yi wa jarirai a makon farko, yana jawo zubar jini da cuta, kuma ba shi da wani amfani ga lafiya, amma in kika tsaya a bakin asibiti kina tsine wa abin, za a ci gaba da yi a ɓoye, a kuma ɓoye miki jaririn in ya rikice. Ki san shi, ki ziyarce shi, ki fara da abin da zai iya karɓa, wato tsabtar aska da gaggauta turo duk yaron da jini ya ƙi tsayawa, sannan sauran ya biyo baya a hankali. Wankan jego da kunun kanwa ma haka. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka nuna alaƙar yawan kanwa da zafin jego da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Ba za ki hana jego ba, kuma akwai alheri a cikinsa, domin kwana 40 ne da mace ke samun hutu da abinci da kulawa. Abin da za ki nema shi ne a rage kanwa, a sassauta zafin ruwa, a kuma kawo miki duk mai jegon da ƙafafunta suka kumbura ko take kasa kwanciya saboda haki.

Babban aikin da nake so ki sa a gaba shi ne na izini, tun da shi ya ci sa'o'in ƙarshe na yarinyar nan. A yankin da maza ke watsewa ci-rani da zarar an gama girbi, izinin da za a nema a daren naƙuda ya riga ya makara. A wurin awon ciki ake neman sa. Duk mai cikin da ta zo, ki rubuta a katinta wanda ke da iko a kanta in mijin ba ya nan, da lambar wayar mijin, da mai amalanken da za a tasa, ki kuma nemi a turo miki mijin sau ɗaya kafin ya tafi, ya faɗa a gaban mahaifinsa ko wansa cewa in likita ta ce a tafi, a tafi. Ki je wurin maigari da liman tare da majoro da shugaban kwamitin lafiya, ki roƙi liman ya yi maganar a huɗubar Juma'a, domin abin da ya fito daga bakinsa ya zama na gari. Ki bayyana musu cewa tun shekarun 2005 da 2006 gwamnati ta ɗauke kuɗin tiyatar haihuwa da na awon ciki da na maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5, amma kada ki ce musu ba za su kashe ko dala ba, don sun san akwai abincin masu jinya da kuɗin komowa, wani lokacin har da maganin da ya yanke. Tsoron wannan kashe-kashen ne sau da yawa ke ɓuya a bayan "sai an jira mai gida". A gundumomi da dama an riƙa ƙara dala 20 a kan kuɗin ganin likita don a tara na man ambilas. Ki bincika ko naku asusun yana raye, wa ke riƙe da shi, nawa ke ciki. In aka yi haka rasuwar yarinyar nan za ta zama sanadin tsirar wasu, kuma mutanen garin sun fi kowane lokaci shirin sauraro yanzu da abin yake ɗanye a zukatansu.

To, Faransa fa? Ba zan ce miki tafiya haramun ce ba, kuma ba na cikin masu zagin wanda ya tafi. Gaskiya ne Nijar tana cikin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a 2023 a matsayin masu tsananin ƙarancin ma'aikatan lafiya, waɗanda bai kamata ƙasashe masu arziki su riƙa zuwa suna kwasar ma'aikatansu ba, amma wannan magana ce tsakanin gwamnatoci, ba ta ɗaure ƙafar kowa ba. Sai dai ki tambayi ƙawarki ta gaya miki duka. Likitan da takardarsa ba ta Tarayyar Turai ba ce sai ya ci wata jarrabawar gasa mai wuya, ya kuma yi shekaru yana aiki a ƙarƙashin kulawa kafin a ba shi cikakken izini, kuma da yawa suna daɗewa suna kwana a asibiti da matsayi da albashin da bai kai na takwarorinsu ba. Can ma za ki zama baƙuwar da ake tambayar ingancin karatunta. In kin tafi don kina son wani fanni da babu shi a nan, wannan tafiya ce mai alƙibla. In kin tafi a wannan watan kuwa, yarinyar nan za ta bi ki har can, kuma za ki riƙa jin cewa garin ya faɗi gaskiya da ya ce ba ki da hannu.

Dalilin da ya sa na ce damina biyu shi ne ta farko ta riga ta wuce kina baƙuwa, ba ki san kowa ba, ta biyu za ki yi ta kina gane abin da ke zuwa kafin ya zo, ta uku kuma ita za ta nuna miki ko abin da kika shuka ya kama. Ki sa ranar a takarda, ki gaya wa mahaifiyarki ita, domin uwa ta fi jure jiran da ta san ƙarshensa. Ki saurare ta da kyau, don damuwarta a kan aurenki da zamanki ke kaɗai a daji ba shirme ba ce, ki kuma roƙe ta ta turo miki wata babba daga dangi ta zauna tare da ke. Wannan zai kwantar mata da hankali, ya kuma canza yadda garin ke kallonki, tun da a ƙauye macen da ke da babba a gidanta ita ake ɗauka mai mutunci. A cikin wannan lokacin kada ki bar iliminki ya yi tsatsa. Ki tabbata takardunki sun daidaita, sunanki yana rajistar ƙungiyar likitoci, ki riƙa tura tambayoyi ta WhatsApp ga likitocin mata da na yara da ke Maradi, ki riƙe littafin da kike rubuta duk mara lafiyar da ya ba ki wuya. Ki kuma fara bin hanyar ƙarin karatu tun yanzu, ko dai horon tiyata na gunduma da ake ba likitoci don su iya fiɗar haihuwa a asibitocin karkara, ko ƙwarewa a fannin mata da haihuwa a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai. Wadda ta tsaya tana kallon naƙudar da ta toshe ba ta da wuƙa a hannu ta fi kowa sanin dalilin da zai sa ta koyi riƙe ta.

Abu biyu ne za su sa in janye duk wannan in ce ki taho gobe. Na farko shi ne in tsaron lafiyarki ya shiga haɗari, domin mun san halin da wasu yankunan jahar nan suke ciki, kuma babu aikin da ya kai ranki. Na biyu shi ne in rashin barcin nan ya zarce, abinci ya fita ranki, kika fara jin tsoron taɓa mara lafiya ko kika fara jin rayuwar ma ba ta da amfani. Wannan ciwo ne kamar kowane ciwo, likitoci ma yana kama su, kuma in ya kai haka ki nemi hutu, ki zo Maradi ki ga likita, kada ki ji kunyar kowa.

Kin ce mako uku ke nan da rasuwar, kuma ban ga inda kika ce kin je gaisuwa ba. Ina jin tsoron abin da za a faɗa miki ne ya hana ki. Sadakar arba'in tana tafe, saura ƙasa da mako uku. Ki nemi unguwar zoman garin ta raka ki, ki sa zane da mayafi, ki bar farar rigar aiki a ofis, ki riƙe ƴar sadakarki, ko tiya biyu ce ta gero. In kin shiga ki tuɓe takalmi, ki zauna a ƙasa cikin mata, ki yi wa uwar yarinyar gaisuwa, kada ki yi bayanin komai sai in an tambaye ki, in kuma an tambaya ki faɗi gaskiya a taƙaice ba tare da kin ɗora wa kowa laifi ba. Mai yiwuwa wata ta faɗi magana mai zafi. Ki haɗiye ta. Kafin ki fito ki leƙa zaure ki gaida uban mijin, domin shi ma, ina tabbatar miki, ba ya barci. Bayan nan ki sake rubuto mini, ki gaya mini abin da kika tarar a takardar sa'o'in nan, da abin da majoro ya ce da kika nuna masa ita.